Kafin Ka Ɗaura wa Kekenka Injin Lantarki

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa da suka jingine keke a zaure shekara da shekaru sun koma sun kaɗe masa ƙura. Wasu kuma suka ga ba lalle sai sun yi ta taka feda cikin rana ba, tunda akwai injin lantarki da ake saya a ɗaura wa keken da mutum yake da shi. Mafi sauƙin ɗaurawa shi ne wanda yake zaune a cikin hob, wato cibiyar wili inda sifoki suke haɗuwa. Yawanci a haɗe da rim ake sayar da shi, tare da kwantarola, totur, hannayen birki da batir. A hoto abin ba wuya: ka cire wili, ka mayar da wili. Mai sayarwa ma cewa zai yi, "Alhaji, ai wannan kowane keke yana ɗauka." Ba kowanne ba. Kayan da suka taso daga Legas ko daga Sin kuwa mayar da su sai an sha fama, don haka a fara da awo kafin a kai ga aljihu.

Kayan binciken ba su da yawa: tef ɗin awo mai nuna milimita, mayen ƙarfe (ko na tsohuwar sifika ya wadatar), sifana, zare, kwali da tocila.

Fara da mayen ƙarfen. Manna shi a jikin firam, sannan ka manna shi a fok, domin sau da yawa ba da abu ɗaya aka yi su ba. In ya kama, ƙarfe ne, kuma ƙarfe shi ne abokin wannan aiki, saboda idan aka fi ƙarfinsa lanƙwasa yake yi, ya ba ka lokaci ka gani. In bai kama ba, yawanci alminiyam ne. Firam ɗin alminiyam yana ɗaukar ƙaramin inji a baya, amma shi ba ya gargaɗi, tsagewa yake yi lokaci ɗaya. Keken tsere na kabon, wanda bai da nauyin kirki kuma in ka ƙwanƙwasa shi ka ji kamar roba, ka bar shi yadda yake. Haka ma fok mai shoka wanda mayen ƙarfe bai kama ƙasansa ba: zubi aka yi masa da alminiyam ko magniziyam, kuma ba a ɗaura masa injin gaba.

Daga nan ka wanke keken, ka bi duk mahaɗar bututu da tocila. Wurin da ya fi tona asiri shi ne ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuyan keken zuwa feda, dab da wuyan. In ka ga fenti ya tattare a nan ko ƙarfen ya ɗan kumbura, keken ya taɓa yin karo da gaba. Fok ɗin da mai walda ya taɓa ɗinkewa ya gama aikinsa, a canza shi. Karkata kuwa zare ne yake nuna ta: ɗaura shi a inda aksil ɗin baya yake zama a gefe ɗaya, ka zagayo da shi ta wuyan keken, ka dawo da shi ɗaya gefen, sannan ka auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama. In sun sha bamban sosai, firam ɗin ya goce. Keken da yake ja gefe a tafiyar feda, da inji abin zai ninka.

Bakin da aksil yake zama

Nan ne ake yanke wa keke hukunci, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Kwance wilin da kake son canzawa, ka dubi 'yan tsagogin nan biyu da aksil yake shiga. Ƙarfe ne da kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba, amma duk ƙarfin injin a kansa zai sauka.

A keken da ba inji, aksil zaune kawai yake, wili na juyawa a kansa, ba ruwansa. A injin hob kuwa, duk lokacin da injin ya tura wili gaba, aksil yana ƙoƙarin juyawa baya da ƙarfi daidai da wannan. Abin da yake hana shi shi ne an fafe gefensa biyu sun zama shafaffu. Kaurin aksil ɗin milimita 12 ne a ƙananan injuna, 14 a manya, amma tsakanin shafaffun gefen nan milimita 10 ne, kuma su ne suke cije bakin. Ƙaramin inji da yake ba da ƙarfin murɗawa na Nm 40, idan aka raba wannan a kan faɗin milimita 10, yana tura leɓɓan bakin da abin da ya kai nauyin kilo 400. Abin da noti mai taurin kai yake yi wa sifana mai laushi, shi aksil yake yi wa bakin nan: yana buɗe shi sannu a hankali har ya samu ya juya.

Ranar da ya juya, ga yadda abin yake kasancewa. Wayar injin ta cikin aksil take fitowa, don haka sai ta naɗe a jikinsa, robarta ta yage, wayoyi su haɗu, kwantarola ta ƙone. Wannan in a baya ne, kuma asarar kuɗi ce kawai. In a gaba ne, noti yana iya kwancewa, wili ya fice daga fok alhali kana kan gudu, kuma wanda wilin gaba ya kuɓuce masa da fuska yake sauka.

Saboda haka abu uku za ka auna a nan. Na farko tazarar da ke tsakanin bakunan biyu, daga ciki zuwa ciki. Yawancin injunan gaba an yi su ne don milimita 100, na baya don 135. Keken tsere yakan zo da 130 a baya, tsofaffin kekuna marasa giya kuwa 110 zuwa 120. Kekuna masu naɗewa wasunsu 74 kacal ne a gaba. Firam ɗin ƙarfe ana iya buɗa shi kaɗan, 130 ya koma 135, muddin an buɗa hagu da dama daidai. Alminiyam ba a buɗa shi. Daga 115 zuwa 135 kuwa ko a ƙarfe ya yi yawa ga gwajin gida. Gara ka nemi injin da aka yi don ƙaramar tazara, ko ka koma gaba.

Na biyu faɗin tsagar kanta. Milimita 10 ake nema, aksil ya shiga da ɗan matsi ba tare da ya yi rawa ba. Fok da yawa 9 ne ko 9 da ɗoriya, kuma a ƙarfe magagari yana gyara wannan, a ci kaɗan daga nan kaɗan daga can, ana gwadawa. Wanda ya ci ya wuce ya riga ya buɗa wa aksil hanyar juyawa da hannunsa. Na uku zurfi: aksil mai milimita 12 ya fi na asali kauri, don haka ka tabbata ya nutse har ƙarshen tsagar, kuma akwai shafaffen wuri da wosha da noti za su kwanta sosai. Wasu fok suna da ɗan tudu a leɓen bakin wanda aka yi don kada wili ya faɗo. Babbar wosha takan hau kan tudun nan maimakon ta kwanta, ka ɗaure ka ji ya yi tauri alhali a iska yake. Akwai ƙaramar wosha ta musamman da take shiga cikin ramin, ita ake sa wa a ƙasa.

In ka kwance wili ka tarar babu tsaga sam, rami ne rufaffe wanda ake zura sanda mai kaurin milimita 12 ko 15 ta ciki, to irin sababbin kekunan hawan dutse ne, masu tazarar 142 ko 148 a baya. Injin hob na gama-gari ba ya shiga nan. Akwai wanda aka yi musu takanas, amma da tsada, kuma irin wannan keken ya fi dacewa da injin da ake ɗaurawa a wajen feda.

Sai maganar matokari, ɗan ƙarfen nan mai kauri da aka huda shi da siffar aksil, a zura shi, a ɗaure ɗaya ƙarshensa a jikin fok ko firam. Shi yake karɓe murɗawar daga bakin. Ka duba ko akwai inda zai kama, ramin kusar madigadi ko ƙafar fok da za a zagaya da maɗauri. Ana cewa injin wat 250 a fok ɗin ƙarfe mai kauri yana iya zama ba shi. Ni dai a gaba ba na yarda da wannan rangwamen, domin kuɗin matokari bai kai na ɗinkin haɓa ba. Daga wat 500 zuwa sama, ko kuma in bakin alminiyam ne, ba ma zancen zaɓi ba ne, kuma babban inji biyu yake so, hagu da dama.

Keken iyayenmu

Baƙin keken nan mai birkin sanda, irin su Raleigh, Phoenix da Hero, wanda yake ɗaukar buhu da jarka bai ce uffan ba, shi ne wanda aka fi tambaya a kansa. A gwajin mayen ƙarfe ba wanda ya kai shi. Amma a sauran gwaje-gwajen yana da gardama, kuma gara mutum ya san ta tun da wuri.

Dubi jikin tayarsa. Za ka ga an rubuta 28 x 1½, kusa da shi kuma wata lamba kamar 40-635. Lambar ƙarshen nan, 635, ita ce faɗin rim a milimita, kuma ita ce ta gaskiya. Injin da mai sayarwa ya kira "inci 28" kusan kullum a rim mai 622 yake zuwa, wanda ake kuma kira 700C. Suna ɗaya, bambancin milimita 13, kuma tayar wannan ba ta hawa wancan. Irin wannan ruɗanin yana nan a inci 26: keken hawan dutse 559 ne, amma kekunan Japan na hannu masu kwando a gaba yawanci 26 x 1⅜ ne, wato 590. Duk keken da kake da shi, lambar nan mai alƙaluma uku za ka rubuta, ka bar zancen inci.

Ko da ka haƙura ka sayi sabuwar taya mai 622, birki zai tsayar da kai. Birkin sanda ba ya matse rim daga gefe; robobinsa jawowa suke yi su danne cikin rim, ɓangaren da sifoki suke fitowa, kuma an yi rim ɗin da kafaɗu masu faɗi don haka. Rim ɗin alminiyam da yake zuwa da inji a tsuke yake ta nan, robar ba ta da wurin kamawa. Mafita ita ce a sayi injin tsirara, a saƙa shi a rim irin na keken. To sai kuma a ƙirga ramuka. Injunan hob kusan duka ramin sifoki 36 suke da shi, alhali tsohon tsarin Ingila, wanda kekuna da yawa na wannan samfurin suka gada, 32 ne a gaba, 40 a baya. Ka ƙirga naka. In ba 36 ba ne, sai an nemo rim mai 36 na girman 635. Sifokin ma ba na kasuwa ba ne: injin ya fi hob faɗi, don haka gajeru yake so kuma masu kauri, a yanka su daidai tsawo a fitar musu da zare. Kafin ka sayi komai, ka je wurin mai gyaran da ya iya saƙar wili, ka tambaye shi ko zai iya kuma ko zai samu sifokin. In ya yi jim, ka ɗauki jim ɗin nan da muhimmanci.

Fok ɗin irin wannan keken sau da yawa bai kai milimita 100 ba, aksil ɗinsa na asali kuma siriri ne, kusan milimita 8, don haka cin magagarin da za a yi masa yana da yawa, a wurin da ƙarfen ba shi da faɗi. A baya kuwa aksil ɗaya ne yake riƙe da kariya, madigadi, abin jingina keke da abin jan sarƙa, kuma dukkansu sai sun bi ta kan wayar injin kafin su zauna. Ana yi, ba a ce ba a yi ba. Sai dai aikin gwani ne, kuma da ƙaramin inji, domin birkin sanda a kan rim ɗin ƙarfe ko a rani sai a hankali, balle ruwa ya taɓa shi.

Gaba ko baya

Wani lokaci keken ne da kansa yake zaɓa. In giyarsa a cikin hob ɗin baya take, ko birkinsa na baya irin na mayar da feda ne ko na ganga da ke manne da hob, cire wilin baya yana nufin rasa su, sai dai injin gaba. In giyar a waje take, ka duba irinta, domin iri biyu ce: firiwil da ake murɗawa a kan zare, da kaset da ake zurawa a kulle da zobe. Injin baya ma iri biyu ne a kan haka. Mai zare yakan ɗauki giya 6 ko 7 lafiya. Wanda yake da 9 ko 10 ya nemi mai kaset.

In zaɓin a hannunka yake, ka duba hanyar da kake bi. Wilin gaba ba nauyi a kansa, don haka a rairayi ko a hawa yakan yi ta juyawa a banza, a kwana kuma yana iya zamewa. Mai bin lungunan da ba kwalta ya fi samun natsuwa da injin baya. Maganar faci ba ta da tada hankali kamar yadda ake zato, tunda masu facin bakin titi da ma ba sa cire wili, zaro tub kawai suke yi. Ranar canza taya ce ake neman sifana mai lamba 18 ko 19 da mahaɗar waya kusa da aksil da za a iya zarewa, don haka ka tabbata injin yana da ita.

A gaya wa mai sayarwa girman wilin ko da injin tsirara za a saya, domin naɗin wayar ciki ya bambanta. Wanda yake juyawa sau 200 da 'yan kai a minti shi ne yake ba da kilomita 25 a awa a wilin inci 26. Wanda aka yi don wilin inci 20 ya fi haka saurin juyawa sosai, kuma in aka saƙa shi a babban wili sai ya rasa ƙarfin tashi, ya yi ta zafi a hawa.

Birki

Mai feda a cikin gari yana tafiyar kilomita 15 a awa ko kusa da haka. In inji ya kai shi 30, aikin da birki zai yi bai tsaya a ninki biyu ba, ninki huɗu ne, ga kuma ƙarin nauyi: ƙaramin inji mai giya a ciki kilo 2 zuwa 4, babba mai wat 1000 kilo 6 ko fiye, batir kilo 3 ko 4. Wannan ne ya sa nake ganin masu ɗokin wat 1000 a kan keken gida sun ɗauko abin da ya fi ƙarfin keken. A Tarayyar Turai abin da doka take kira keke bai wuce wat 250 da kilomita 25 a awa ba, kuma da shi mutane suke zuwa aiki kullum. Wat 250 zuwa 350 ya ishi mai zuwa kasuwa da makaranta a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin ta Kano ko Maraɗi.

Gwajin mai sauƙi ne. Matse birkin gaba ka tura keken: wilin baya ya kamata ya ɗaga. In hannun birkin ya taɓo kan keken kafin ya kama, ko ka ji ƙwas-ƙwas a wuya lokacin da kake jijjiga shi, a gyara kafin a yi maganar inji. Birkin waya mai matse rim daga gefe yana wadatar da ƙaramin inji in robobinsa sababbi ne. Mai birkin faifai ya duba cewa jikin injin yana da ramukan kusa 6 na ɗaura faifan, kuma kan birkin ba zai goga injin ba; in ya goga, komawa faifai mai milimita 180 daga 160 yakan raba su. Hannayen birkin da suke zuwa da kayan suna yanke wutar inji da zarar an matsa, amma na birkin waya ne. Birkin mai, birkin sanda, da wanda yake haɗe da abin canza giya, sai a manna musu 'yar na'ura mai mayen ƙarfe da take yin wannan aikin.

Totur da hannayen birki an yi su ne don kan keke mai kaurin milimita 22.2, ba sa shiga lanƙwasasshen kan keken tsere. Faifan da yake gane cewa kana taka feda yana son ratar milimita 4 ko 5 tsakanin hannun feda da firam, kuma a kekuna masu kota da murfin sarƙa yakan ƙi zama. Wannan bai hana aikin ba, da totur kaɗai ma ana tafiya.

Wurin batir

Mafi kyawun mazauninsa cikin kusurwar firam, a kan bututun da ya gangaro, inda nauyi yake ƙasa kuma a tsakiya. Batir ɗin da ake ɗaurawa a nan tsawonsa yakan kai santimita 36 ko 37, faɗi 9, tsayi 9 zuwa 11. Karɓi ainihin awon daga mai sayarwa, ka yanka kwali ka naɗe shi ya zama akwati mai wannan girman, ka cusa shi a wurin. Sannan ka zame shi sama kamar santimita 3, domin haka ake zare batir daga kan faifansa. Sau da yawa akwatin yana zama daram, sai an zo zamewa kusurwarsa ta daki bututun sama. Dubi kuma kusoshin nan biyu na ɗaura gorar ruwa, masu tazarar milimita 64: a kekuna da yawa sun yi ƙasa sosai, ramukan faifan ba sa haɗuwa da su, kuma don gora aka yi su, ba don kilo 4 da ake jijjigawa a ramuka ba. A ƙara maɗauri na uku.

In kusurwar ta ƙi, ko keken irin na mata ne, sai kariya. Amma inji a baya, batir a baya, ga kaya ko goyo, gaban keken zai yi ta shawagi, kuma wurin kayan da aka sayi keken dominsa ya tafi. A nan injin gaba yana daidaita nauyin. Masu tunanin haɗa batir ɗin babur ko na inbata uku don sauƙin kuɗi su sani cewa nauyinsu ya ninka na litiyam sau da yawa, kariya da sifokin baya ne za su biya.

Girman da kake bukata lissafi ne: ninka lambobi biyun da ke jikinsa. Mai 36V da 10Ah yana riƙe da wat-awa 360, wato kusan kilomita 30 in kana taimakawa da feda a hanya mai kyau, ƙasa da haka sosai in totur zalla ne da kaya. Cajarsa mai 2A tana cika shi cikin awa 5 ko sama da haka, tana jan abin da bai kai wat 100 ba, wanda ƙaramar sola mai inbata za ta iya ɗauka. Batir ɗin litiyam ba a cajinsa in zafinsa ya haura digiri 45, kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri baƙin batir da ya wuni a rana ya wuce nan. Wannan ma dalili ne na zaɓar mazaunin da za a iya zare shi cikin sauƙi a shiga da shi inuwa, ya huce kafin a sa shi a wuta.

Idan ka haɗa kuɗin sabon fok, rim, sifoki, saƙa da gyaran birki ka ga sun kusa kuɗin wani keken, ka bar naka yana aikinsa na feda, ka shiga kasuwar kekunan hannu da mayen ƙarfe da tef a aljihu. Abin nema shi ne keken hawan dutse irin na shekarun 1990: firam da fok na ƙarfe, ba shoka, taya mai lamba 559, tazarar 100 a gaba da 135 a baya, birkin waya, da kusurwa mai faɗi. Masu saye sukan wuce shi su nufi mai shoka gaba da baya saboda ƙyalli, shi ya sa farashinsa yakan sauko. Ka roƙi mai kayan ya kwance maka wilin baya ka auna a gabansa. In ya ƙi, ka matsa rumfa ta gaba.